Abin da Amawali Ya Rufe

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba da, Shi kuma ya karɓa.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Rubutun ma da girma na koye shi, a ajin karatun manya na unguwarmu nan Agadas, bayan jikoki sun fara zuwa. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Na ɗauki bik, wato alƙalami, ne don in ba da labarin jinyar ɗana na fari, ko Allah zai sa wani gida ya tsira daga abin da ya same mu.

Ba zan iya rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, kun san yadda abin yake. Tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, ita ta raine shi, ita yake kira Inna da gaske. Ni ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na dube shi ido da ido ba. In zan yi maganarsa sai in ce Mai Mota, don kamiyo yake tuƙawa, babbar motar kaya, hanyar Segedin har cikin Libiya. In ya dawo daga tafiya yakan durƙusa a bakin ƙofata, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki, ya gaishe ni. In amsa ina duban tukunya. Gaisuwarmu ke nan tun yana saurayi har ya yi furfura a gemu. Kada wani ya ce ba ƙauna. Akwai ta, ba ta dai da hanyar fita.

Abin ya faru da bazara, da hantsi. Yana tasha ana loda kaya, suna shan shayi da abokan aikinsa, sai kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, maganar ta ƙi. Daga baya matarsa Gaisha ta ce mini ya kwana biyu yana kukan ciwon kai a ƙeya, yana cewa rana ce.

Ko da na isa asibiti an riga an kwantar da shi. Mutane cike, wasu a kan tabarma a baranda, wasu riƙe da ledar serom, ta ƙarin ruwa, da hannu don ba wurin ratayewa. Majo, babban mai jinya na sashen, yana rubutu yana tambaya, wani kuma na kiransa daga can.

Ya ce wa Gaisha, “Madam, yana da wata cuta?”

Ta ce, “Tansiyo.” Wato hawan jini.

“Yana shan magani?”

“Kullum da safe, kafin ya ci komai. Wata ’yar ƙwaya fara. Daga Libiya yake sayo ta.”

“To ku bar ta a gida. Kada ku ba shi komai sai namu.”

Ina tsaye a bayanta na ji wannan magana. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ta faɗi abin da ta sani, shi kuma ya faɗi abin da ake faɗi. Amma da ya ce a kawo kwalin ya gani, da labarin nan wataƙila wani ne daban. Wannan ita ce ƙarata, kuma ba ni da wata babba bayanta.

Makon farko ya tafi a layi. Layin karɓar ordonansi, wato takardar magani, layin farmasi, layin hoton kai. Da hoton ya fito, likita ta kira mu. Mace ce, ƙarama, ba ta kai Gaisha ba, daga kudu aka turo ta. Ta ɗaga hoton ta nuna wani farin wuri.

Ta ce, “Jijiya ta fashe a cikin kai, jini ya zuba a nan. Shi ya sa gefen dama ya mutu, shi ya sa ba magana. In jinin bai ƙaru ba, jiki zai shanye shi a hankali. Ba gishiri, ba hayaniya, kuma kada a ɗura masa abu yana kwance.”

Yayana Hamma yana wurin. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar maigidana, kuma fataucin gishirin Tigidda ya yi duk rayuwarsa. Ya gyara tsayuwa.

“Likita, gishirin kanti kike nufi. Namu na Tigidda magani ne. Raƙumi ke lasarsa ya yi ƙiba.”

Ta ce, “Baba, in aka kawo mini raƙumi zan ba shi. Wannan mutum ne.”

Har Gaisha sai da ta murmusa. Ita ce dariya ta ƙarshe da na tuna a wurin nan.

Bakinsa ya karkace, miyau yana zuba ta gefe. Masu dubiya kuwa ba sa yankewa, ’yan tasha, maƙwabta, mutanen masallaci. Yaya Hamma ya ce ba za a bar namiji mai iyali a gani haka ba. Ya sa aka kawo rawani ya naɗa masa da kansa, sako-sako, ya ja amawali ya rufe baki da gemu har wuya. In za a ba shi kunu sai a sassauta sama kaɗan. Na ji daɗin haka a lokacin, na ce Allah ya yi wa Yaya albarka, ya rufa masa asiri.

Ni wurina baranda ne. Gaisha da Yaya ke ciki, su ke juya shi, su ke goge masa jiki. Ni ke wanki, ni ke dama kunu a kan gawayi, ni ke tashi in an ce a sayo wani abu. Ɗaki ba na shiga sai in ba kowa, shi ma in yana barci, in ajiye kwano in fito.

A mako na biyu mun sa rai. Yana buɗe ido, yana bin mutane da kallo. Ƙaramar ’yarsa ta zo, ya kama ɗan yatsanta da hannun hagu. Likita ta ce jinin bai ƙaru ba. Gaisha ta sayar da awarwaronta na azurfa, ni na sayar da akuyoyina, ba mu ji zafin rabuwa da su ba, don muna ganin abin da muke saye.

Daga mako na uku sai abu ya fara juyawa, a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da ya fara ba. Barci ya yi yawa. A tashe shi a ba shi kunu, ya koma kafin cokali na biyu. Ciki ya ɗaure, ba ya fita bayan gida. Fuska ta kumbura, har masu dubiya na cewa ma sha Allah, ya yi ƙiba, jinya ta karɓe shi. Sannan sanyi. Ku da kuka san bazarar Agadas, lokacin da ƙarfen gado ma ba ya taɓuwa da rana, a lokacin ne Gaisha ta leƙo ta ce, “Inna, a kawo bargo daga gida.” Na kawo. Washegari ta ce a ƙaro. Sauran marasa lafiya suna fifita da kwali, nawa yana ƙarƙashin barguna.

Wata rana da azahar duk sun tafi salla, na shiga da kwano. Ƙafarsa ta leƙo daga bargo. Na duba ƙofa, ba kowa, sai na taɓa. Sanyi kamar randa, fatar ta bushe tana ɓarewa. Rabona da taɓa jikinsa tun yana goye. Na rufe ƙafar na fito, na zauna a bakin murhu, na rasa wa zan faɗa wa.

Shawara kuwa ta zo daga kowane gefe. Wata ta ce iska ce ya gamu da ita a hamada, a kai shi wurin malam. Wani ya ce a shafe shi da man shanu mai ɗumi a kwantar a rana. Ƙanwar maigidana ta aiko daga Iferwan da ƙullin ganye, ta ce a jiƙa. Rubutu dai mun ba shi, da ɗan cokali, ban ga laifinsa ba. Sauran na karɓa na yi godiya na tura ƙarƙashin tabarma. Likita ta sake aika mu hoton kai, hoton ya nuna jinin ma ya ragu. Na ga tana duban hoton tana duban shi, tana taɓa wuyan hannunsa ta daɗe.

Ta ce wa majo, “Zuciyar tana tafiya a hankali ƙwarai. Kan yana gyaruwa, mutumin yana nutsewa. Ban gane ba.”

Na gode mata da wannan kalma. Ba kowane likita ke cewa bai gane ba a gaban mutane.

Ana cikin mako na biyar Yaya Hamma ya ƙare haƙuri. Ya ce mataccen jini ne ya taru a ƙeya, ƙaho ne maganinsa, kakanninmu da shi suka rayu. Na ce, “Yaya, a tambayi likita tukuna.” Ya ce, “Dije, ke dai dama kununki.” Ya kawo wanzami da sassafe, kafin zagayen likitoci. Wanzamin ya warware rawanin, ya ga gemu ya cukurkuɗe da busasshen kunu, ya ce bari ya fara da aski, ba ya sa ƙaho a jiki mai dauɗa. Ya aske gemun tas har ƙasan wuya. Yana jera ƙahonninsa ke nan wata mai shara ta gani, ta je ta faɗa.

Likita ta shigo da sauri. Ina bakin ƙofa.

“Mutumin da jini ya zuba a kansa za ku ƙara tsaga? Baba, asibiti ne nan ko kasuwar dabbobi?”

Yaya ya fara ba da amsa, amma ta daina jinsa. Ta tsaya tana duban wuyan. Ta matsa, ta ɗaga haɓarsa da yatsa biyu. A gindin wuya, cikin lanƙwasar fata, akwai wani siririn tabo daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an ja zare.

Ta ce, “Wa ya yanka shi a nan?”

Yaya ya leƙa. Bai taɓa gani ba. Ni ma ban taɓa gani ba.

Gaisha ta sunkuyar da kai ta ce, “Maƙoƙo ne. Tun kafin aurenmu. A Libiya aka cire mishi, ya warke. Ya ce kada in faɗa wa kowa, ’yan tasha za su sa mishi suna, wai ciwon mata ne.”

Likita ta ce, “Me ya sa ba ki faɗa ba ran farko?”

“An tambaye ni cutar da yake da ita. Wannan ai an yanke an jefar.”

Likita ta rufe ido kaɗan. Ta ce a hankali, “Ƙwayar nan ta safe. Je ki kawo mini kwalin. Hau kabu-kabu, kada ki taka da ƙafa.”

Da kwalin ya zo, rubutun Larabci ne a gaba, na Nasara a baya. Ta juya ta karanta, ta zauna a bakin gado. Ta aika a kira ni ciki, ta ce uwa ma ta ji. Na shiga na tsaya a jikin bango.

Ga abin da ta ce, yadda na riƙe shi. A gaban wuyan kowane mutum akwai wani ɗan nama, su suna kiransa tiroyid. Shi ne in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinsa kamar mai hura wuta ne a maƙera. Yana sakin wani ruwa cikin jini, ruwan ke sa jiki ɗumi, zuciya ta buga daidai, ciki ya yi aiki, ƙwaƙwalwa ta farka. Wanda aka cire wa naman nan gaba ɗaya, ƙwayar ce ke tsaya masa, kullum, har ƙarshen rai. In an daina, ba a gani ran nan, ba a gani mako guda. Wutar takan mutu ne a hankali.

Ta ce, “Ko mai wuya lafiyayye, in jini ya zuba a kansa, ruwan nan yakan ragu, kuma waɗanda nasu ya faɗi sosai sun fi shan wuya kafin su tashi. To bare shi, da ba shi da ko kaɗan sai na kwali.”

Gaisha ta ce, “Shi ya ce mini na tansiyo ne. Kullum haka yake cewa, miƙo mini ɗan tansiyona.”

Likita ta ce, “To tansiyon fa, wa ke maganinsa?”

A nan muka gane abu na biyu. Shekara da shekaru kowa na ganin yana shan maganin hawan jini, shi ya sa ko ya yi ciwon kai ba mai cewa je a auna ka. Ashe hawan jinin na gaske yana nan, ba a taɓa ba shi ko ƙwaya ɗaya ba, har ya fasa jijiya.

Na tuna wata shekara da ya daɗe a Libiya, ya dawo murya a dishe. Mahaifiyata ta rufe ɗaki da shi suka yi magana. Ita ma tana da ɗan kumburi a wuya, tana rufe shi da mayafi. Ta sani, na tabbata. Ta tafi da shi kabari, don ita a ganinta sirrin ɗa ne ta riƙe.

Yaya Hamma ya fita. Da yamma na same shi a gindin bishiyar bakin asibiti, ya ce, “Dije, da hannuna na rufe wuyan nan.” Na ce, “Da hannunka kuma ka kawo wanda ya buɗe.” Ban san ko ya ji daɗin maganar ba. Ita ce kawai nake da ita.

Aka ɗebi jini aka aika Yamai, don awon ba a yi a kusa ba. Likita ta ce ba za ta jira ba. Aka sa masa siririn tiyo ta hanci, ana niƙa ƙwayar ana zubawa, kaɗan-kaɗan, don ta ce zuciyar da ta saba tafiya a hankali ba a kora ta da gudu. Ta hana rawani. Aka ninke shi aka ajiye a kan ƙirjinsa, bisa bargo, don Yaya ya roƙa kada a kai shi nesa. Ita da kanta take zuwa ko ba ranar aikinta ba. Majo ma, da ya ji, ya zo ya tsaya a kansa ya daɗe, daga ranar kuma duk wanda aka kawo sai na ji yana cewa, “Ina kwalin? A kawo kwalin.” Allah ya saka musu. Na yi ƙara a baya, ga godiya kuma, duka biyun gaskiya ne.

A mako na shida ƙafar ta fara ɗumi. An cire bargo ɗaya. Sakamakon Yamai ya iso yana faɗin abin da muka riga muka sani. Amma a kwanakin barcin nan kunu ya riƙa sauka ta hanyar iska ba mu sani ba, ƙirji ya kamu. Numfashi ya koma kamar ana jan guga a rijiya. Aka ƙara allurai masu tsada, ƙannensa suka haɗa abin da suka samu, ’yan tasha ma suka kawo nasu.

Likita ta ce, “Ku riƙa yi masa magana. Ku kira sunansa. Ina so in ga ko yana nan ciki.”

Gaisha ta kira shi da Baban Asma’u har muryarta ta dishe. Yaya ya kira, ƙannensa suka kira. Ido a rufe. Sai likita ta juyo ta dube ni a bakin ƙofa.

“Inna, ke fa? Ban taɓa jin kin yi masa magana ba.”

Yaya ya ce, “Ɗan fari ne, likita.”

Ta ce, “Na sani, Baba. Mu ma muna yi a garinmu. Ni dai na faɗa.”

Ran nan bayan la’asar na ce wa Gaisha ta je ta huta. Ta dube ni, ta gane, ta ja Yaya suka fita. Na zauna a bakin gadon. Na dubi fuskarsa, duka, ba rawani, ba gemu. Ashe yana da haɓar mahaifinsa. Ashe yana da ɗan tabo a leɓe, ban san inda ya samo shi ba. Mutum ya haura arba’in, ni na haife shi, ina ganin fuskarsa kamar ta baƙo.

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na sake. Ya fito ƙasa-ƙasa, kamar ba muryata ba.

Ya buɗe ido. Ba irin buɗewar da yake yi ba ta kallon rufi. Ya juyo da su ya same ni. Muka dubi juna. Sai hannunsa na hagu ya motsa bisa bargo, yana lalube, yana lalube, har ya kama bakin rawanin da ke kan ƙirjinsa. Ya fara ja sama. Hannun ba ƙarfi, ya kai haɓa ya tsaya.

Kunyata yake ji. Yana nan ciki, ya san ko ni wace ce.

Na kama bakin ƙyallen na ƙarasa masa, na rufe bakin yadda yake rufewa a ƙofata. Na ce, “Sannu da hanya.” Abin da nake ce masa ke nan in ya dawo.

Bai kai Juma’a ta gaba ba. Ya cika da safe, Gaisha na riƙe da hannunsa, ni ina baranda ina wanke kwano. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Da muka je sallama na tambayi likita abu ɗaya, na ce da an san ƙwayar tun ran farko, da ya tashi? Ta ce, “Inna, jinin da ya zuba ba kaɗan ba ne. Ba zan ce miki da ya tashi ba. Amma da ya yi faɗan da ƙarfinsa.” Na karɓi wannan. Kwana ya ƙare, na sani, ban ja da Allah ba. Amma an ce mu nemi sani, shi ya sa na zauna na rubuta.

To ’yan uwana, ga abin da nake roƙo. In an kwantar da naku, ku kwashi duk kwalin maganin da ke ɗakinsa da aljihunsa da motarsa, ku zube a gaban likita, kada ku faɗi sunan magani da ka. Ciwon da aka yanke tun da daɗewa, ku faɗe shi, ko mai shi ya ce a ɓoye. In mara lafiya na jin sanyi da bazara, yana kumburi, barci na cinye shi, kada ku ce ƙiba ce. Ku kuma maza masu rawani, ku bar wani a gida ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Na sa an duba wuyan Asma’u da ƙannenta. Yaya Hamma da kansa ya je aka auna masa tansiyo, ya sauke amawali a gaban yarinyar likitar nan.

Malamar ajinmu ta karanta wannan, ta ce ya kamata in sa sunansa a sama don masu karatu su yi masa addu’a da suna. Na ce su ce ɗan Dije, Allah ya san shi. Sunan na faɗe shi sau ɗaya, kuma mai shi ya ji.